Kukun da Aka Rufe wa Fuska

Ni ban yi boko ba, jikata ce ke rubutawa ina faɗa, kuma na ce mata kada ta gyara mini ko kalma.

Maigidana kuku ne a gidan wani Bature a Nassarawa, muna zaune a ɗakunan baya. A ƙauyensu kuwa, can ƙasar Katsina, akawu aka san shi. Shi ya gaya musu haka tun zuwansa Kano, don mahaifinsa ba zai jure jin ɗansa yana gindin murhu ba.

Matar Baturen ba ta da aiki sai zane da alƙalami da baƙar tawada. Ta zana mai gadi, ta zana direba, rannan ta zana Malam, maigidan nawa, yana feraye dankali, har tsagar kumatunsa ta fito ɗaya bayan ɗaya. Gab da samun mulkin kai sai ta ce za a buga zanen a kalanda. Kalanda kuwa har shagon telan ƙauye tana zuwa. Malam ya daina cin abinci, ga shi ba ya iya musu da uwar ɗakinsa.

Ni na je wurinta roƙo. Hausarta ta cefane ce, ni kuma Turanci ko ɗigo, amma ba da labari ai gadona ne. Sai da ta ajiye alƙalami ta saurara. Ta ce tawada ba ta goguwa, sai dai a ƙara wata. Lokacin azumi ne, yaranmu suna tashe da fuskar ƙwarya, na ɗauko ɗaya na nuna mata. Ta juya ta, ta sake juyawa, sannan ta lulluɓe fuskar Malam da baƙi, ta bar ramukan ido biyu. Wai ma ya fi kyau haka. Ita ta sani.

Da muka je gida ganin dangi, na kai ruwa zaure na tarar tela ya kawo kalandar, ana ta dariyar kuku mai jin kunya. Malam yana dariyar yaƙe. Tsoho, mahaifin Malam, bai yi dariya ba. Ya matso da takardar kusa da idonsa, ya daɗe a kan hannayen nan masu riƙe da wuƙa.

“Ko ɗan wane ne,” in ji shi, “da guminsa yake ci. Ku bar masa rufinsa.”

Ya miƙa wa tela abinsa, ya tambayi Malam ya aikin ofis.