Gidan da Ake Sayarwa Ban da Dabino

Kan dabinon na fara gani. Ina 'yar makaranta a lokacin, muna cikin bas daga Gusau za mu biki Tsafe, sai na hango shi ya leƙo ta saman wata tsohuwar katanga dab da bakin titi. Littafin soyayya ne a cinyata, kamar kullum. Kafin mu sauka na gama tsara wa gidan labari: akwai wata kyakkyawa a ciki mai dogon wuya, tana jiran wanda ya tafi fatauci bai dawo ba.

Bayan shekaru aka yi mini aure, aka tura maigidana koyarwa Tsafe, kuma cikin ikon Allah gidan da ya samu haya shi ne wannan. Na ɗauka zan ji daɗi. Ban ji ba. Soro yana zubar da ƙasa, motocin hatsi ba sa barin kunne ya huta, ni kuwa in shiga ɗaki in fito, in leƙa zaure in dawo, kamar kazar da ke neman wurin ƙwai.

Wata safiya ina wanke-wanke wata tsohuwa ta yi sallama. Ba ta jira amsa ba, ta wuce ni da tsintsiyarta ta hau sharar gindin dabinon.

Na ce, "Inna, wa ake nema?"

"Ba kowa. Wurin abina na zo."

"Ai mu ke haya a nan."

"Ku yi ta hayarku, ɗiyata. Gida kunka kama, ba dibino ba."

Daga bakinta na ji tarihin gidan, kaɗan yau kaɗan gobe. Mahaifinta ne ya gina shi, bafataken goro. Da ya rasu aka raba gado, 'yan'uwanta maza suka ɗauki ɗakuna da zaure, ita aka ba ta dabinon, don a garin itace yana iya zama na wani ko da ƙasar da ya tsira ta wani ce. Mazan suka sayar wa wani Alhaji mai aikin gwamnati a Gusau. Alhajin bai taɓa kwana a ciki ba, ya ba da shi aro ga Bafulatanin da ke riƙe masa shanu, ya zauna da iyalinsa har 'ya'yansa suka girma. Daga baya gidan ya koma hannun wani mai motocin haya ɗan Bungudu, wanda magadansa muke biya haya. Duk cinikin da aka yi, sai an faɗa a gaban shaidu: ban da dabino. Wannan kalmar ce ke buɗe mata ƙofar gidan ubanta, ko wa ke ciki.

Ni dai labarin bai ishe ni ba. Na ce, "Inna, don Allah, ba wani saurayi da ya taɓa tsayawa bayan katangar nan dominki?"

Ta yi dariya har da tari. "Littattafan ga sun gama da ke. Wanda ya tsaya bayan katangar ga ɓarawon dibino ne, kuma ya sha muciya."

Ranar da maigidana ya shigo ya ce an sayar da gidan, na kasa zama. Magadan mai motocin yara ne, a Gusau suka tashi, a can kuma suka yi cinikin, ba wanda ya san akwai kalmar da ake faɗa. Wanda ya saya matashin ɗan kasuwa ne, shaguna zai jera a bakin titi, har ya yi magana da masu sare dabinon. Kwanakin nan ko littafi na buɗe, layi ɗaya nake ta maimaitawa. Duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofa sai na leƙa ko masu gatari ne. Inna kuwa ta ci gaba da zuwa shara, sai dai ta daina dariya.

Da maganar ta kai ga mai unguwa, a zauren gidanmu ya zauna da Inna da ɗan kasuwan, ni ina laɓe a bayan ƙyaure.

Ɗan kasuwan ya ce, "Ranka ya daɗe, an taɓa sayen riga a ce ban da aljihu?"

Inna ta ce, "Tun ba a haifi ubanka ba aljihun ga ke jikina."

Mai unguwa ya nemi shaida. Waɗanda suka halarci tsofaffin cinikin duk ƙasa ta rufe su, sai tsohon Bafulatanin nan, wanda ya koma wajen garin Furfuri. Aka aika, aka ɗauko shi a babur. Ya jingina sandarsa ya ce ya zauna gidan, maruƙansa sun kwana a gindin itacen, amma bai taɓa kai ƙwaya ɗaya bakinsa ba sai ta ce ya ci. Mai unguwa ya yanke: ƙasa ta ɗan kasuwa, dabino na Inna, ba a sara.

Na yi murna kamar an ɗaura aure a shafin ƙarshe. Ban lura ba cewa gidan kansa ba wanda ya yi masa shaida. Muna kwashe kayanmu aka rushe shi. Aka jera shaguna, aka bar wa itacen wani ɗan lungu da mutum zai ratsa a karkace. Inna ta zo sau ɗaya da tsintsiyarta, ta tarar ba tsakar gidan da za ta share, ta koma.

Mu muka koma Gusau, daga nan ma ba mu zauna wuri ɗaya ba. Bayan shekaru na gamu da jikar Inna a wani suna, na tambaye ta labarin kakarta. Ta ce da ƙafa ta gaza ɗanta ya ɗauke ta zuwa Bungudu. Da ciwo ya yi nauyi ta sa aka tara mata shaidu, ta ce dabinon da ubanta ya bar mata sadaka ne ga duk mai wucewa, kada magajinta ko ɗaya ya sa shi cikin rabo. A Bungudun ta rasu, da damina, a ɗakin surukarta.