Rijiyar Mutanen da Ke Kan Hanya

Malaman tarihi suna cewa dauloli na tashi ne da takobi ko da alƙalami. Ni da na yi shekara talatin da 'yan kai a aikin raya ƙauyuka, ina ganin sun manta da gwarzo na uku, wato babban yatsan hannun dama. Babu makaranta, babu ɗakin shan magani, babu rijiyar da aka taɓa yi da kuɗin hukuma a Jazira, yankin nan namu na noman auduga da ban ruwa, ba tare da wani dattijo ya tsoma yatsansa a tawada ya danna a takarda ba. Ku da kuka shigo aikin nan jiya kuna ganin abin wasa ne. To, akwai ranar da har gobe ba ta fita raina, ranar da na tsaya da tawada a hannu a gaban gari guda, aka rasa yatsa ko ɗaya.

A farkon shekarun sittin ne, ina sabon mataimakin jami'in raya ƙauyuka a Hasahisa. Muƙamin ya fi albashin tsawo. Sama da ni akwai jami'i, sama da jami'i akwai mufattish, wato mai duba aiki, wanda sai ya sa hannu kuɗi ke motsi. Ƙasa da ni akwai jakin ofis. An ɗauke ni ne saboda ina jin Hausa da Larabci, sai aka ɗora mini duk ƙauyukan mutanenmu, Hausawan da suka zo daga yamma.

Ga yadda tsarin yake. Duk shekara in an sayar da auduga, ana ware ɗan kaso don ayyukan ƙauyuka. Garin da ke son rijiya zai cika takarda da muke kira urnik, mai sharuɗɗa uku. Garin ya haura shekara goma a wurinsa. Mutanensa su ɗauki kashi ɗaya cikin uku na aikin, ko da kuɗi ko da ƙarfi. Sannan masu gida biyar su danna yatsa cewa su mazauna ne na dindindin. Dalilin na ukun a fili yake: hukuma ba ta son ta zuba siminti a inda gobe za a tarar da toka da kashin awaki. Urnik ɗin da bai cika ba kafin a rufe shekarar kuɗi, kasonsa ya tafi wani gari, kuma layin na da tsawo. Sai a yi shekara biyar ba a sake waiwayar ka ba.

A shekarar layi ya zo kan Kambon Baba Isuhu, rabin yini a jaki yamma da Hasahisa. Kambo shi ne zangon 'yan aikin gona, masu ban ruwa da tsinkar auduga a gonakin wasu. Ruwan shan garin daga tur'a yake, wato magudanar ban ruwa, inda jakai ke sha, ake wanki, yara ke shiga har ƙugu su cika garwa. Tsargiya ta kama yaran har iyaye sun daina ɗaukar fitsarin jini a matsayin ciwo, sun mai da shi alamar girma. Idan akwai garin da ya cancanci rijiya, wannan ne.

Na isa da hantsi, aka shimfiɗa mini tabarma a gindin darbejiya. Sharaɗi na farko aka yi dariya. Na biyu, samari suka ce ko gobe. Da na karanta na uku na fassara, sai Baba Isuhu, mai garin, dogon tsoho mai farin gemu, ya janye hannunsa na dama cikin hannun riga a hankali.

"Afandi," in ji shi, haka ake kiran duk mai wando da alƙalami, "sake karanta wurin ga."

Na sake.

"To, wanga ba mu ba na. Mu ba mazamna ba na. Makka muka nufa."

"Baba, yaushe kuka sauka nan?"

"Shekarar da aka fara sako ruwa daga madatsar Sinnar. Muka ce mu yi tsinka guda mu sami guzuri."

"Shekara talatin da ɗoriya ke nan fa."

"Guzuri ya yi tsada, ɗana."

Ba baƙon zance ba ne a kunnena. Mahaifina ma haka ya riƙa faɗa har ya rasu. Amma na yi makaranta, kuma makaranta ta koya mini cewa duk abin da tsoho ya faɗa, ana iya warware shi da bayani. Na yi bayani har inuwa ta juya. Na ce takarda ce kawai, ba za ta ɗaure ƙafar kowa ba. Baba Isuhu ya bar ni na gama, sannan ya kama hannuna ya kai ni bayan gari, inda maƙabarta take. Ta fi garin faɗi.

"Ga ubana, ga ƙannena biyu, ga uwar ɗiyana," ya ce. "Kowanensu kan hanyar Ɗakin Allah ya cika, kuma wanda ya cika kan hanya, ladarsa na wurin Mai Ɗakin. In na danna yatsa na ce mun zamna, mi na maishe su? 'Yan ƙwadagon auduga da suka mutu a gonar wani. Ni ma nan kusa za a kwantar da ni. Kana so in saida wanga da rijiya?"

Na hau jaki na koma.

A hanya dabara ta zo mini, kuma na yi alfahari da ita ƙwarai. A garin akwai mutum shida da suka riga suka je Makka suka dawo. Waɗannan ai sun cika niyya, ba abin da zai hana su danna yatsa. Don tsabar yarda da kaina, na shaida wa jami'ina cewa urnik ya kammala, a kira mufattish. Sannan na koma kambon na sami babban alhazan, Alhaji Ɗanbaba, yana gyaran igiyar gadonsa.

Ya saurare ni da ladabi, ya ce, "Ayya, Afandi, da na taimake ka. Sai dai ni gida za ni. Sakkwato. Na ɗan tsaya nan in huta ne."

"Alhaji, yaushe ka dawo daga Makka?"

"Bana sha tara."

Sauran biyar ma duk gida za su. A nan na fahimci irin garin da nake ciki: rabinsa na tafiya gabas, rabinsa na tafiya yamma, kuma shekara da shekaru ba wanda ya gusa.

Mufattish ya zo saura kwana uku a rufe shekara. Ƙaton mutum ne ɗan arewacin ƙasar, mai yawan gumi da ƙarancin magana. Na riga na roƙi Baba Isuhu, in ba zai taimaka ba, ya dai yi shiru. Ya ce in sha Allahu, wadda a bakinsa ba ta taɓa nufin to ba. Aka kawo jabana, kofi mai zafi da citta, aka zauna. Baba Isuhu na jin Larabci kamar ruwa, amma in da hukuma zai yi magana sai da tafinta, don ya sami lokacin tunani. Saboda haka ni na riƙa fassara kunyata da bakina, jimla bayan jimla.

"Ya Shehu," in ji mufattish, "wa ya dasa itatuwan nan?"

"Mu. Matahiyi kan dasa don na bayansa."

"Masallacin nan na jan bulo fa?"

"Matahiyi ba ya salla?"

"To yaushe za ku tashi?"

"Bayan tsinka, in Allah ya so."

Mufattish ya juyo ya dube ni tun daga hula har takalmi. "Ya Afandi, ka taso ni daga ofis in sa hannu a rijiyar mutanen da za su tashi nan da wata biyu?" Ya rufe fayil ya ɗora tafinsa a kai. Na ga rijiyar ta tafi, na ga aikina yana bin ta a baya.

Sai Baba Isuhu ya sallami tafinta. Ya dubi mufattish, cikin Larabci tsantsa ya ce, "Janabu, ranka ya daɗe, kai nan ne garinku?"

"A'a. Ni ina da dabino a arewa, a bakin kogi. Da na ajiye aiki zan koma."

"Masha Allah. Shekara nawa kake Jazira?"

"Ashirin da biyu."

"Kuma gidan da kake ciki, an ja maka famfo?"

Mufattish ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi, direbansa ya zo yana bubbuga masa baya. Da ya farfaɗo ya share ido ya ce, "Wallahi ka kama ni, ya Shehu. Amma urnik ba ya dariya. Yatsa biyar yake so. In babu, ba ni da ikon fitar da ko buhun siminti guda."

Muna cikin haka sai ga wata tsohuwa ta fito daga bayan zana da garwa a ka. Iya Habi ce, ungozomar garin, wadda rabin mazan da ke zaune a wurin ita ta yanke musu cibiya, saboda haka ba ta jin nauyin gemun kowa. Ta dire garwar a gaban mufattish. Ruwan tur'a ne, launin kunun kanwa, da wani abu yana iyo a ciki. Ta juyo gare ni. Ta san mahaifiyata, don haka ban sami Afandi a wurinta ba.

"Kai ɗan Hajara, hwaɗa mishi ni ba inda za ni. Mijina shekara talatin yana tahiya Makka yana kwance bisa gado, har ya isa bayan gari. Gwiwoyin ga ko Hasahisa ba su kai ni, balle teku. Su maza su yi ta tahiyarsu, Allah ya kai su lahiya. Mu ke ɗibar ruwa, mu ke wanke wandunan yara. Ina tawadar?"

Alhaji Ɗanbaba ya ce, "Iya, ai masu gida aka ce."

"Kai da na riƙe ka da ƙafa tun can gida kana tsala ihu? Wa ke ciyar da gidana, kai?"

Ta ɗaga murya ta kira sunaye huɗu. Mata huɗu suka fito, duk mazansu sun rasu, kowacce ita ke riƙe da gidanta da tsinkar auduga da sayar da ƙosai. Ashe tun ranar da na fara zuwa suka gama shawararsu, suna jira ne kawai maza su gama nasu bayanin.

Mufattish ya tambaye ni, "Wa ke ciyar da gidajen nan?" Na ce su. "Wa ke gyara rufi in ya yi yoyo?" Na ce su. "Halas, shi ke nan," in ji shi, "masu gida ne."

Saura mai gari. Baba Isuhu ya ja liman gefe, suka yi ƙus-ƙus na ɗan lokaci, mu kuwa muna kallon gemunansu suna motsi. Suka dawo da hukunci: mace ba ta tafiya mai nisa ba tare da muharrami ba, saboda haka zaman waɗannan biyar lalura ce, bai taɓa niyyar kowa ba, rayayye ko matacce. Haƙa wa gwauraye mata rijiya kuwa sadaka ce mai gudana, kuma ba wanda ya fi matafiyi bukatar irinta. Maza za su yi aikin. Yana faɗar haka na ga ya fito da hannunsa na dama daga cikin riga, karo na farko tun zuwana.

Iya Habi ta danna yatsa da ƙarfin da ya huda takardar. Mufattish ya ɗaga ta sama ya leƙa ta hujin, ya ce ya karɓa.

Aka yi rijiya kafin damina. Hukuma ta ba da siminti da ƙarfe da gwanin haƙa, masu tafiya gabas suka yi haƙa, masu tafiya yamma suka kwashe ƙasa. Ruwa ya fito garai-garai. Yara suka rage shiga tur'a. A fayil ɗinmu kuwa, kambon ya shiga a matsayin gari mai mazauna biyar da baƙi masu yawa, kuma jami'ina ya yaba mini a rubuce saboda abin da ya kira sanin halin jama'a.

Abin da na koya, kuma nake so ku riƙe, shi ne kuɗi ba su ne abu mai wuya a aikinmu ba. Kuɗi suna zuwa in an yi haƙuri. Mai wuya shi ne layin nan guda a takarda da wani ya rubuta a ofis yana shan shayi, bai san abin da yake roƙon talaka ya sayar ba. In mutum ya ɓoye yatsansa, kada ku fara da bayani, ku tambayi abin da yatsan ke riƙe da shi. Kuma kafin ku ce gari ya ƙi, ku leƙa bayan zana, don sau da yawa a can masu zama suke. Da haka ake tabbatar da al'umma a wurinta.

Bayan shekara uku aka zo da sabuwar taswira, aka ce za a bi da magudana ta tsakiyar kambon. Hukuma ta tashi garin duka, ta mayar da shi mil biyu yamma. Rijiyar tana nan a tsakiyar gonar auduga.