Ranar da Aka Sa Inna Tsallake Yarinya

Innata ƙwarya take yi wa ado da wuƙa mai zafi, matan Fulani su saya. Tana da wani hali da ya sha ba ni kunya: in ta ga abin da ya burge ta, ko saƙar tabarma ce ko fiffiken zabo, sai ta kafe shi da ido, baki a sake, ka yi ta magana kamar da bango kake. In mun dawo gida ba ta ko shan ruwa sai ta sa wuƙa a wuta. Na sha zungurinta a kasuwa, ta ce in bar ta, aiki take yi.

Shekarar da aka ce Turawa sun bar mana ƙasa, atamfofi suka riƙa shigowa daga Dahome, masu adon da ba mu taɓa gani ba. Wata ranar kasuwar Bagudo muka gamu da wata 'yar Dandawa sanye da irin wannan atamfa. Inna ta ajiye ƙorenta ta bi yarinyar nan da ido, har da zagayawa ta bayanta. Uwar yarinyar ta lura, ta ja 'yarta suka bar wurin.

Ba a yi mako ba yarinyar ta kwanta. A cikin zafin jiki tana ta sambatu, tana cewa matar nan mai ƙwarya tana kallonta.

Da hantsi danginta suka zo garinmu Kurgu, maza da mata, ɗauke da ita a tabarma, suna kiran Inna mayya. Har yau in na ji hayaniya a ƙofar gida sai in tuna da ranar nan. Na san abin da kalmar mayya take nufi gare mu: ana cewa a nono ake sha, wato ni ma na shiga ciki. Ba mai cin tuwonmu, ba mai neman aurena.

Inna ta ɗauko ƙwaryar da ta gama, adon atamfar nan ne a jiki, ba abin da ta rage.

"Wallahi tufa nika dubi, ba ɗiyar ba," in ji ta. "Ku duba ku gani."

Ba wanda ya duba. Wani dattijo cikinsu ya ce in dai tana da gaskiya ta tsallake yarinyar, kurwar da ta kama ta koma. Babana ya sunkuyar da kai. Ni kuwa ina bayan rumbu, na rasa addu'ar da zan yi. In yarinyar ta mutu, Inna ce ta cinye ta. In ta tashi, Inna ce ta sake ta.

Ta tattare zanenta ta ɗaga ƙafa. A daidai nan na ga idonta ya sauka kan tabarmar da aka kwantar da yarinyar, saƙar Dahome ce mai ja da baƙi, bakin Inna ya fara sakewa. Raina ya ɓaci, na ji kamar in rufe ta da duka.

Yarinyar ta warke, Allah Ya sa. Mu kuma kafin damina muka kwashe kaya muka koma Zagga, wurin dangin Baba, don ko wuta maƙwabta sun daina ɗiba a gidanmu.

Ƙwaryar farko da Inna ta yi a Zagga, adon tabarmar nan ne a jikinta. Na kai ta bayan gida na fasa da taɓarya. Ba ta yi mini faɗa ba, ta tsince gutsattsarin, ta zauna tana kallon yadda suka tsage.