"To" Ɗari da Saba'in da Ɗaya

Ka san mutum nawa ke aiki kafin rahoto ɗaya ya fito daga cibiyar nazarin hulɗar ƙasashe? Ni na ƙirga a wadda Goggona take aiki: goma sha huɗu. Sunan uku ne ke hawa bangon rahoton. Nata bai taɓa hawa ba, shekara goma sha bakwai ke nan.

Aikinta sauraro. Ofishinta na ƙarƙashin matakala, taku shida ne tsawonsa, tebur ɗaya, fanka mai fiffike biyu. Masu bincike su je su naɗo muryoyin mutane, ita kuma ta mayar da su rubutu.

Bana aka yi bincike kan wata yarjejeniya. Ƙasashe biyu na son rufe tsohuwar mashigar iyaka, su buɗe sabuwa kilomita arba'in gaba. Aka tambayi mata 'yan kasuwa ɗari biyu da arba'in masu tsallakawa kullum: "Kin amince?" Takardar amsa gida biyu gare ta, i ko a'a. Ɗari da saba'in da ɗaya suka ce, "To." Goggo ta zuba su duka a gidan i. Rahoto ya ce mafi yawan matan sun yarda.

Saura kwana tara a kai shi gaban wakilan ƙasashen, na same ta a gida ta tasa shayi a gaba har ya huce.

"Goggo, wa ya mutu?"

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi. Zauna, sarkin lissafi, ɗauki biro."

Ta kunna muryoyin. Awa biyar muka yi, tana faɗa ina jan layi. "To" gajere mai ƙarfi, na wadda ta yarda: talatin da takwas. Mai ja kamar ana jan guga, wato yaya na iya: saba'in da huɗu. Mai ajiyar zuciya, arba'in da ɗaya. Sha takwas kuwa da dariya suka faɗa, irin dariyar da ake wa wanda bai san hanya ba. Wata tsohuwa ma ta ƙara da cewa, "To, ƙafar tawa fa?"

"Hannun nan ne ya rubuta mata i," in ji Goggo. "Ni da na sha Hausa a nono. Sauri nake a ce na gama da wuri."

Ranar Litinin ta hau matakala ashirin da biyu zuwa ofishin Dokta, shugaban binciken.

"Ranka ya daɗe, akwai gyara."

"Goggon cibiya! Waƙafi ne ko aya?"

"Mata ɗari da talatin da uku ne."

Ta ajiye masa takardata. Ya karanta, murmushin fuskarsa ya tafi.

"An riga an buga kwafi ɗari biyar. In na ce kuskure ne, kin san za a tambaya na wa ne."

"Na sani. Nawa ne."

Ya daɗe yana juya biro. Sannan ya ce, "To."

Yau saura kwana huɗu. Ba a kira ta ba, ba a sallame ta ba, kwalayen rahoton na nan jibge bakin ƙofa. Goggo ta ce wannan "to" ɗin dai kunnenta ya kasa samo masa gida.

Don Allah, gobe duk wanda ya ce maka "to", kada ka juya ka tafi. Tsaya ka tambaye shi, wanne? Gwada da mutum goma, ka rubuta nawa ne suka yarda da gaske.