Ƙaramin Injin Baba Akawu

Shekara talatin da huɗu Baba Akawu ya yi yana tsaron fayilolin ɗalibai a wata makarantar sakandare, kuma hali zanen dutse, bai taɓa sauya yadda yake aiki ba. In aka ce ya ɗauko fayil ɗin yaro guda, sai ya kwaso na ajin kaf ya baje a tebur, har kofin shayinsa ya rasa wurin zama. Malamai su yi ta tsokanarsa: "Baba, kasuwa za ka ci ne?" Shi ko a jikinsa, wai an tsikari kakkausa. Cewa yake ba ya iya neman mutum ɗaya sai yana ganin fuskokin sauran.

Bai cika shekara da yin ritaya ba mai ɗakinsa ta rasu. 'Ya'yansa maza biyu sun daɗe da yin nisa, sai gaisuwar saƙo. Autarsa, mai rubuta manhajoji a wani kamfani, ta fi su nisa ma. Gida ya yi masa faɗi, ɗaki uku yana kwana a ɗaya. Wani lokacin yakan wuni bai ce uffan ba, sai da yamma ya yi gyaran murya don ya tabbatar muryar tana nan.

Ana haka ya ji makaranta za ta ƙona tsofaffin fayiloli, wai gara ta cinye rabinsu. Ina! Ya ɗauko hayar mota ya kwashe kwalaye goma sha bakwai ya jibge a ɗakin marigayiya. Da Auta ta zo hutu ta gan shi tsugune yana karkaɗe hotunan yaran da yanzu sun yi furfura, sai ta sayo masa sikana, na'urar shigar da hoto cikin kwamfuta, ta haɗa masa shafi a intanet inda tsohon ɗalibi zai nemo hotonsa na aji ɗaya. Ta ce shafin zai zauna ne a wani inji da ake ba da haya, can a wani wuri da su duka biyu ba za su taɓa gani ba.

"Akwai ƙarami, akwai matsakaici, akwai babba," in ji ta. "Ƙaramin ya ishe ka, Baba."

Ta nuna masa gurbin da ake rubuta adadin hotunan da shafin zai buɗe a lokaci guda. Ta sa ashirin. Tana tafiya ya goge ya rubuta dubu uku. Don me za a ɓoye yara, a riƙa fito da su ashirin-ashirin kamar masu jiran allura?

Kwana biyu tsakani shafin ya mutu murus. Bai ma sani ba sai da wayarsa ta yi ƙara da hantsi, domin duk lokacin da injin ya faɗi, wayar Auta yake kai ƙara.

"Baba, me ka taɓa?"

"Ni? Ban taɓa komai ba. Ba ke kika ce akwai wurin hoto dubu hamsin ba?"

Ta yi dariya, irin wadda ya kwana biyu bai ji ba. "Wancan ma'ajiya ce, Baba, kamar kabad ɗinka na ofis. Memori kuwa tebur ne. Kabad na iya cin kwali ɗari, amma abin da kake aiki a kai dole ya hau tebur. Ƙaramin inji teburinsa mega ɗari biyar da sha biyu ne kacal. In ka ɗora masa abin da ya wuce haka, masu injin ba sa lallashi, kashe shi suke yi nan take. In ya tashi ya sake kwasowa, su sake kashewa, har ya kwanta sai an tayar da shi da hannu."

Ya gane sarai. Wa ya fi shi sanin tebur? Ta tayar da injin, ta mayar da ashirin, sannan ta tambaye shi gwiwarsa, shi kuma ya ba ta labarin maƙwabcin da ya sare bishiyar bakin titi. Minti goma sha ɗaya suka yi. Ya duba.

Kuskuren farko dai kuskure ne na gaskiya. Na biyu da na uku kuwa, Allah na tuba, da saninsa ya yi. Sai ya bari mako ya zagayo, shirun gidan ya ishe shi, ya zauna ya share ashirin ya rubuta dubu uku. Ya zuba wa layin da ke nuna cikar memori ido, yana hawa, yana hawa, har ya bugi sama. Daga nan ya gyara zama, ya ajiye waya a cinya. Kunya yake ji, tsoho da shi yana ɓata abu don a neme shi. Amma kunyar ba ta kai kewar ba.

Wata uku aka yi a haka. Ran nan Auta ta kira, muryarta a gajiye, ana jin ƙarar madannan kwamfuta a bayanta.

"Baba, na haƙura da kai. Tunda duka kake son gani, na mayar da kai babban inji. Giga huɗu, teburinsa ya ninka wancan sau takwas. Ka baje dubu ukunka yadda ka ga dama, ba zai sake faɗuwa ba. Ka huta, ni ma in huta."

"Allah ya yi miki albarka," ya ce. Me kuma zai ce? Alheri ta yi masa.

Ai kuwa bai sake faɗuwa ba. Ya ɗora dubu uku, layin ko rabi bai kai ba. Ya fasa sauran kwalayen, ya wuni yana shigar da hotuna har bayansa ya ƙage, har da waɗanda gara ta cinye wa kunne. Layin ya ɗan motsa ya tsaya. Tsofaffin ɗalibai suna ta aiko da godiya, wai shafin bai taɓa yin kyau haka ba. Mako ɗaya, biyu, biyar, wayar tana nan a kan kujera ba ta ce ƙala ba.

A mako na shida, da rana tsaka, ya ɗauke ta ya kira da kansa. Sai da ta kusa tsinkewa aka ɗaga.

"Baba? Ya faɗi ne? Ban ga saƙo ba."

"Bai faɗi ba. Lafiyarsa ƙalau."

"To me ya faru?"

"Da can ma ni nake kayar da shi, Auta. Da gangan. Muryarki nake so in ji."

Ya ɗauka layi ya yanke, har ya cire wayar daga kunne ya duba. Can sai ya ji an ja kujera, an yi 'yan taku, an rufe ƙofa, hayaniyar ofis ta ɗauke.

"Ina jinka, Baba," ta ce.

In ba zancen inji ba, bawan Allah bai tanadi komai ba.

"Kin ci abinci kuwa?" ya ce.