Masarar Keziah Mai Yunwa

A unguwar Mayo Gwoi, duk wanda ya leƙa gidan Keziah zai ga buhuna ashirin jere a bayan kicin, kowanne da masara a ciki, ramammiya, ganyenta rawaya. Da gangan take barin ta haka.

Shekara goma sha takwas ta yi tana wanke kwalabe a ɗakin gwajin ƙasa kafin ta bar aiki, kuma can ta tsinci abin da ta sani. Akwai wata funfuna siririya kamar zare da ke manne wa saiwa, tana janyo mata ruwa da abinci daga nesa. Keziah takan ɗebo ƙasa daga gindin tsohuwar ɗorawa inda garma ba ta taɓa shiga ba, ta gauraya da yashi, ta zuba a buhuna, ta shuka masara. Bayan wata uku ta daddatse saiwoyin cikin ƙasar, ta raba wa manoma, kowane rami a zuba tafi ɗaya. Sharaɗin guda ne, sai masarar ta ji yunwa take karɓar funfunar.

Bana matan zumuntar cocinsu goma sha biyu ke jiran rabonsu, masu gonakin da suka gaji.

Sai rasuwa ta kai ta garin Zing mako biyu. Da ta dawo, me za ta gani? Masara kore shar! Ga mijinta Nehemiya tsaye yana murmushi.

"Maman Godwin, na gyara miki. Maƙwabta sai dariya suke, wai gidan manomi masara na mutuwa."

"Me ka zuba?"

"Takin zamani mana. Mai kyau."

"Baban Godwin! Shekara shida kana wuce buhunan nan, ka taɓa tambayata sau ɗaya? Da malami mai farar riga ne ya jera su, za ka taɓa? Don dai ni ce, mai wankin kwalba!"

"To ai ta yi kyau..."

"Ta ƙoshi! Wa ka ga ya ƙoshi yana neman mai taimako?"

Ta bi buhunan ɗaya bayan ɗaya tana huci. Uku ne kawai suka tsira, waɗanda tankin ruwa ya ɓoye masa. Ga damina saura wata guda, babu lokacin sake wasu.

Ranar Lahadi bayan sujada ta tsaya gaban matan ta gaya musu gaskiya: bana abin da zai isa layi biyu-biyu a gona kawai kowacce za ta samu. Nehemiya ne ya ɗauko buhuna ukun a ka har bakin coci, ita kuwa ba ta ko ce masa sannu ba.