Hoton da Aka Tura wa Gwaggo Nas

Bangon katako ne ya raba shagona na aski da shagonsa na hoto, don haka ko tari ya yi ina ji. Tsaya-Haka muke kiransa, saboda daga safe har yamma abin da ke bakinsa ke nan. "Tsaya haka! Ɗaga haɓa. Kai, ba rufi na ce ka kalla ba, tsaya haka!" Matarsa ma in ta fusata da sunan take kiransa.

Gajere ne, ga tsabta har ta yi yawa. Ya fara sana'ar tun ana wanke hoto a ɗaki mai duhu, ana gyara fuska da ɗan siririn burushi. Da kwamfuta ta zo sa'o'insa suka rufe shago, shi kuwa ya zauna ya koya har ya fi yaran zamani iyawa. Taƙamarsa ɗaya ce: mummuna bai taɓa fita daga shagonsa ba. Mai ƙuraje ya fito sumul, mai giɓi ya fito da haƙora cif. Na sha ce masa, "Wata rana za ka aurar da mutum da fuskar da ba tasa ba, a zo a ƙone mana layi." Sai ya ce ai ni ma aikin da nake yi wa masu sanƙo ke nan.

Gidansa yana bayan shagon, kuma akwai doka a cikinsa. Ba mai ɗaukar hoto da waya. Ya ce cin fuska ne, kamar a ce ɗana ya je wani shago a yi masa aski.

Da autarsa ta haihu, gida ta dawo, don mijinta direban babbar mota ne, sai ya yi makonni bai kwana a gari ba. Mace aka samu. Wallahi ban taɓa ganin jaririya mai shiru irin wannan ba. Ta bangon nan ina jin faɗuwar cokali a gidansu, amma ban ji kukanta ba. Tsaya-Haka ya rinƙa shimfiɗa ta a kan jan ƙyallen nan na shago, ya haska mata fitilu, ko motsi ba ta yi. Ya wanke hotonta babba ya kafa a gilashin gaba.

"Kun ga amaryata?" yake ce wa masu wucewa. "Tun daga ciki ta koyi sana'ar kakanta. 'Ya'yanku kuwa sai an yi musu rawa kafin a samu hoto ɗaya."

Auta ce kaɗai hankalinta bai kwanta ba. Sai an tashi yarinyar ta sha nono, ta ɗan tsotsa ta koma barci. Takan yi kwanaki ba ta yi kashi ba. Ciwon shawarar da ya mai da idonta ɗorawa, wanda aka ce zai wuce, ya ƙi wucewa, ga harshe kullum a waje. Matan layi suka ce mata ta gode wa Allah, ta samu 'ya mai haƙuri, haihuwar fari ce ke sa ta tsoro. A wurin rigakafi kuwa layi ya yi tsawo, aka auna nauyi, aka ce ya yi, aka kira ta gaba.

Sai Auta ta buga wa gwaggonta waya. Ƙanwar Tsaya-Haka ce, ma'aikaciyar jinya, Gwaggo Nas kowa ke ce mata. A wani wuri mai nisa take aiki, inda magana ma da ƙyar take shiga waya. Ta ce, "Turo min hotonta a haske, in ga idonta da fuskarta."

Auta ta leƙo shago ta ce, "Baba, Gwaggo ta ce a tura mata hoton yarinya." Iyakar abin da ta faɗa ke nan, shi ma bai tambayi dalili ba. Ina zaune a bayansa ina shan shayi ya ɗauki hoton, ya zauna gaban kwamfuta. Hannunsa ya yi abin da ya saba. Ya cire ɗorawar da ke cikin idon ya mai da shi fari tas. Ya rage kumburin fatar ido, ya mai da harshen cikin baki, ya goge bushewar kumatu. Cibiyar da ta turo waje ya ja ƙyalle ya rufe. Yana yi yana waƙa.

Gwaggo Nas ta amsa da yamma: "Ai lafiyarta lau, ki daina tayar da hankalinki. Ki dai riƙa tashinta tana sha." Bayan nan duk wata sai an tura mata sabo, kowanne ya fi na baya kyau.

Yarinya ta kusa wata shida Gwaggo ta samu hutu ta zo. Ta ratsa ta shago da jakarta tana tsokanar yayanta, ta shiga gida. Can muryarta ta huda katakon.

"Wannan ce yarinyar da ake turo min hotonta? Auta, wannan ce? Yaya! Zo nan!"

Ko ruwa ba ta sha ba, suka wuce asibiti. Aka ɗebi jini. Bayanin da likita ya yi, Gwaggo ta sake yi mana shi a sauƙaƙe. Akwai wani ɗan nama a gaban wuya mai fitar da sinadarin da jiki da ƙwaƙwalwa ke girma da shi. Na yarinyar nan tun haihuwa ba ya aiki yadda ya kamata. Shirun da muke yabo ciwo ne. Maganin kuwa 'yar ƙwaya ce, kullum da safe. In an fara a makonnin farko, yawanci yaro yakan taso kamar kowa. Yanzu ma zai taimaka ƙwarai, amma abin da ƙwaƙwalwa ta rasa a watannin nan, ba likitan da zai yi alkawarin zai dawo duka.

Washegari na ga gilashin gaba wayam, ya cire hoton. Ya daina fitowa bencinmu na hira. In zai je kasuwa sai ya zaga ta baya, don kada ya haɗu da matan da ya riƙa yi wa gori da amaryarsa. Abin da ya fi cinsa, ba wanda ya ce masa kanzil. Auta ta ci gaba da gaishe shi da ladabi, surukin ya ce ƙaddara ce. Ya taɓa ce min, "Da zagina suka yi, da na samu sauƙi." Ni kaina in muka haɗa ido sai kunyarsa ta kama ni, in hau goge almakashin da na riga na goge.

Shi ya karɓi aikin ba da maganin. Kowace safiya kafin ya buɗe shago zai murƙushe ƙwayar tsakanin cokali biyu, ya ɗiga ruwa, ya ba ta da hannunsa. Fuskar ta saɓe, harshen ya koma, fatar ta yi laushi. Ta fara kuka, kuka na gaske mai hana mutum jin rediyo, kuma ban taɓa jin daɗin kukan ɗan wani kamar wannan ba. Amma zama ya zo a makare. Tafiya sai da ta haura shekara biyu. Ta kai uku kalmominta ba su cika yatsun hannu ba, alhali sa'o'inta a layin suna zuba surutu har da rashin kunya. In suna wasa a ƙofar shago, yakan tsaya yana kallonsu, sannan ya kalle ta, ya koma ciki.

Akwai tambayar da ya riƙe a ransa duk tsawon nan, ni kaɗai ya gaya wa. In Gwaggo Nas ta zo hutu ba ya yarda su keɓe, sai ya ƙirƙiro aiki. Na ce masa ya bar maganar, ba abin da za ta gyara. Ya ce ya sani.

Ranar da ya yi tambayar, yana kan kujerata ne, na shafa masa kumfa a gemu. Gwaggo ta leƙo za ta yi sallama, jaka a kafaɗa, jikar tana riƙe da gefen zanenta. Bai juyo ba, ta madubi ya dube ta.

"Ƙanwata, tsaya in tambaye ki. Don Allah kar ki lallashe ni."

"Ina jin ka, Yaya."

"Hoton nan na farko. Da na tura miki shi yadda na ɗauke shi, da kin gane?"

Na yi gyaran murya, na ƙifta mata ido, har kai na girgiza mata. Ta gan ni sarai. Ta dubi yarinyar, ta daɗe tana shafa mata kai.

"Da na gane, Yaya," ta ce. "A ranar ma."

Ya ce, "To." Ya gyara zama, ya ɗaga haɓa da kansa. "Maƙwabci, ƙarasa askin."

Na ƙarasa. Hawayensa yana wanke kumfar ina ƙara shafa wata.